'Ya'yan Boris Huɗu Sun Ɓata

Baban Safiya,

Na tahi Sakkwato kwas ɗin malamai, mota ba ta jira ka dawo daga ruwa. Ka yi haƙuri, na yi maka ɓarna.

Da sahe ina shara na ga gwangwanin madara gindin rumbu, da baƙin kananzir a ciki. Na ɗauka dauɗa ce, na watsar bayan danga inda agwagi ke kiwo. Sai da na shiga ɗakinka na ga injin naɗe zaren ƙugiyan nan na marigayi Baba, ka warware shi kan tabarma, ga giris kusa, sannan na gane 'ya'yan boris ɗinshi ne, ƙananan ƙwallayen ƙarhen nan da ke sa shi juyawa, ka jiƙa cikin kananzir ɗin. Kai ma ai da ka gaya mini!

Na tankaɗe rairayin wurin da rariya har hantsi. Biyar na samu, suna cikin kwalbar turare kan taga. Na nuna wa Tamada mai gyaran keke, ya ce tara ya kamata su zama. Nashi duk sun yi girma, kuma irin waɗannan ko Kwantagora ba a samu. Na san injin nan kaɗai ya rage maka na Baba tun da ruwa ya ci tsohon gari. Ni dai ban ga yadda zai sake juyawa ba.

Kada ka taɓa agwagin Inna. Na sa an yanka nawa biyun, na tsaga ƙundunsu ko sun haɗiye sauran huɗun, ba komai sai tsakuwa. Su ne cikin miyar da na ruhe maka.

Jummai