Mijina Yana Riƙe Wa Wata Ƙofa

Inna Tomoe mai ba da shawara a jarida, ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfina, kuma ko 'yata Chie na kasa gaya wa.

Mijina ɗan kwana-kwana ne, a rukunin masu ceto, tun kafin mu yi aure. Ba mai magana ba ne. Ni ma ban taɓa tambayarsa abin da ya gano a wurin aiki ba, haka mahaifiyarsa ta koya mini. Duk ranar da ya taɓa gawa ba ya sa mukulli, sai ya danna ƙararrawa. In fito da ɗan kwanon gishiri, in barbaɗa masa a ƙirji da baya da ƙafafu kamar yadda al'adarmu take ga wanda ya dawo daga jana'iza, don kada mutuwa ta biyo shi gida, ya kakkaɓe ya shigo, in zuba masa shinkafa. Iyakar hirarmu a kan aikinsa ke nan.

Daminar bara ƙasa ta zaftare a ƙauyen da ke bayan dutsenmu, ta binne gidaje. Su mijina sun yi kwanaki suna tono. Tun daga nan kullum sai ya danna ƙararrawa, ko da kanti ya je sayen tofu, wato awara. Na ce ba komai, gishiri ai ba tsada. To yanzu in na gama barbaɗa masa, ba ya rufe ƙofa. Sai ya matsa gefe ya riƙe ta, ya ɗan sunkuyar da kai yadda ake yi wa babba, da rana tsaka, titi fayau ba kowa. Sannan ya ɗauko silifas ɗin baƙi ya jera yadda mai shigowa zai zura ƙafa. Ran nan haushi ya kama ni, na ɗebi gishiri zan watsa inda yake kallo, caraf ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Kar ki kore ta, Maman Chie. Ni na ce mata ta biyo ni." A natse ya faɗa, kamar mai neman a miƙo masa shayi.

Ban tambaye shi ko wace ce ba. Tsoro nake ji, Inna. Silifas ɗin nan in na ɗauke su da yamma sai in ji su da danshi. Na sani, da damina komai na gidan nan danshi yake yi, haka nake gaya wa kaina. Amma na daina share wurin sai rediyo na kunne.

In ban da wannan, lafiyarsa lau. Yana cin abinci, yana ban ruwan shuke-shukensa, yana tsokanata wai miso, daddawarmu ta waken suya, ya yi yawa a miya. Wani na ƙasa da shi a wurin aiki, Kuwabara, ya tare ni a kanti yana dariya, wai, "Yaya fa ya tsufa, ana kiran gaggawa amma sai ya tsaya ya riƙe ƙofar mota kamar mai gadin otal." Shi kaɗai ya yi dariyarsa.

Wata mai zuwa likitan da ke duba damuwar ma'aikata zai je ofishinsu, an ce iyali ma suna iya ganinsa. Na san yadda za a yi. Kana barci? E. Mugun mafarki? A'a. Kuma ba ƙarya zai yi ba, barcinsa kamar na jariri. In na yi magana za su sauke shi daga mota su ba shi tebur, ga ritaya ta kusa, shi kuwa ya ce in aka raba shi da igiya gara a binne shi. In na yi shiru, shi ne fa mai riƙe igiyar da 'ya'yan mutane ke sauka rami da ita. In tona masa asiri ne, ko in ci gaba da gishirina?

Mai Gishiri, daga gindin dutse

'Yar'uwa Mai Gishiri,

Zancen danshin silifas ba zan yanke miki hukunci ba, ban taɓa su ba. Mijinki ne a gabana.

Tsoronki yana kan hanya. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ciro mutane daga rami, a ce masa zauna ka buga hatimi, ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin ya riga ya bi shi har cikin mota, kuma wanda ke jiran motar nan ba shi da lokacin da za a riƙe wa wani ƙofa. Ba asiri za ki tona ba, Kuwabara ma ya gani, bai gane ba ne.

Kada ki je ta bayansa. Ki gaya masa za ki ga likitan, kuma kin fi son ku shiga tare. Ki faɗi abin da idonki ya gani kawai: ƙararrawa, ƙofa, silifas, da maganar da ya yi. Tambayoyin barci ba za su kamo wannan ba, ke kaɗai kika san shi. Dubawa kuma ba kora ba ce, akwai waɗanda aka hutar da su, suka samu kulawa, suka koma bakin igiyarsu. Maganar binnewar nan ma ki faɗe ta, in kuwa ya maimaita, kada ki jira wata mai zuwa. Ki kuma gaya wa Chie, ba yarinya ba ce, kayan nan ya yi miki nauyi ke kaɗai.

Surukarki ta koya miki shiru, ya yi amfaninsa, yanzu ya daina. Gobe in ya danna ƙararrawa ki bar gishiri a kicin. Ki bari ya gama riƙe ƙofarsa, ki zuba shayi, ki zauna kusa da shi. Shekara guda ke nan matar nan tana shiga gidanki, shi kaɗai ya san inda ya same ta da abin da ya yi mata alkawari. Ki tambaye shi sunanta.

Ina yi muku fatan ranar da zai sa mukullinsa ya shigo, ya rufe ƙofa a bayansa.

Inna Tomoe