Karan Gonarmu Ba Shara Ba Ne

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Allah ya haskaka kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma, ni zan karanta maka. Amma in ban faɗa ba zuciyata za ta fashe.

Inna tana lafiya, sai tarin hayaƙi. Kananzir ya ɓace a Potiskum, kowa ya koma itace da kara.

Bayan girbi wasu mutum biyu suka zo gonarmu ta hanyar Fika da sikeli da littafi. Suka auna karan dawa, ɓawon gyaɗa, har kashin shanu. Wai suna lissafin abin da manoma ke bari a gona a duk duniya, don a san wutar da zai bayar in an ƙone shi. Na tambayi ɗayansu me ya rubuta a kan namu, ya ce shara. Shara, Baba! Ba wanda ya tambaye ni wa ke cin karan nan.

Yaya Sale ya ji, ya hau kai ya zauna. Ya kira masu gidan burodi da a-kori-kura, ya sayar musu, suka kwashe karan tas. Da Ardo Buba ya iso da shanunsa, yadda kuka saba tun ba a haife ni ba, sai ya tarar da fili fetal. Ya juya garkensa. Shanu ba su ci ba, ba su zauna ba, ba su bar mana taki ba. Me dawa za ta ci da damina? Littafin mutanen nan?

Haushinka nake ji, Baba. Ka san halin Yaya Sale. Ka san wanda ke binka gona. Me ya sa ka damƙa wa Yaya ita a gaban Kawu? Don ya yi sakandare? Ina tsaye ranar, na yi shiru, don kai ka koya mini haƙuri.

Yanzu in kasuwar shanu ta watse, ni ke kwasar kashi a baro ina turawa har gona. Abokaina suna toshe hanci. Su toshe.

Jiya na faɗa wa Yaya, a gaban Inna, baɗi ko kara ɗaya ba zai fita ba sai an bi ta kaina. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai jiya. Ka yafe mini wannan, amma ba zan janye ba.

Allah ya jiƙan ka.

Ɗanka mai warin taki,
Adamu