Tsamiyar da Ban Shuka Ba

Litinin, 6 ga Mayu 2024

Rubuta, Mairamu, tunda ke kinka yi lakwal, kin san boko. Mijinki na can Madawa shina cewa uwarshi ta hwara ruɗewa, in damana ta kama zai zo shi kwashe ni in bar garkata. To a aje shaida bisa takarda. Yau na cika leda arba'in da ƙasa da taki, na sa bedi, wato dogon yaro, da zogala. Su kaɗai. Tun zamanin furoje, aikin shuka itace na gwamnati, nike rainon dashe, ban taɓa rikita iri ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Sun hito. Amma leda bakwai ba bedi ba ne, ba zogala ba. Tsamiya ce.

A'a, goge. Kada ki sa dashe. Dashe shi ne wanda mutum yar raina da niyyar kai shi wani wuri. Wanga tsiro ne, shi yak kawo kanshi.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ban iya cin tuwo ba.

Talata, 28 ga Mayu

Yau Biba maƙwabciyata ka rubutu, Mairamu ta tai kasuwa. Gara haka.

Biba, ke kin san gidanmu Anna ne a da, masu tsahi. Tsamiyar kan tudu, can uwata ka kai hura da jan zakara. Ranar da babana yam musulunta yas sa ma tsamiyar gatari. Uwata na tsaye, ba ta yi kuka ba. Tad duƙa tat tsince 'ya'yan, tac ce, "Kun sare uwa, saura ɗiya." Tun rannan gidanmu ba a shuka tsamiya, ba a dasa ta.

Na tuge bakwai ɗin na watsa ma awaki. Sunka sunsuna sunka ja baya.

Biba tac ce, "Iya, taki ne ya zo da iri." Takin awakina? Ina sunka ga tsamiya garin ga?

Laraba, 12 ga Yuni

Sun koma hitowa. Ledojin nan dai, bakwai. Rana tsaka, ganyensu a rufe awa magariba ta yi. Na yi bisimilla na ba na gefe ruwa, su na ƙetare su. Da na waiwayo, ƙasarsu a jiƙe.

Asabar, 22 ga Yuni

Mairamu ta ce in ana son shaida, a sa har da abin da tag gani. To sa.

Tac ce, "Inna, bayan kin tuge na hwarko, wata rana da azahar na iske ki durƙushe. Kina kwance bakin zane, kina tura iri da yatsa, kina waƙa. Sau uku na kira ki."

Nac ce wace waƙa? Tay yi mini kaɗan. Ta uwata ce, ta gindin itacen. Ban taɓa koya ma kowa ba. Ni kaina na ɗauka na mance.

Na kwance bakin zanena. Guda biyu, baƙaƙe, sun tsuhwa awa tsakuwa. Ban san inda sunka kwana shekarun ga duka ba.

Nac ce kada ki gaya ma mijinki. Tac ce, "In ya tambaye ni fa, Inna?" Har yanzu ba ta ce mini i ba.

Asabar, 20 ga Yuli

Jiya an yi ruwa, ƙasa ta sha. Mutane sun kwashe bedi da zogala duka.

Na hau tudu da hantsi. Tahiya ce kawai, don ƙahwahuna. Ledar tsamiyar da ke cikin ƙwaryata, to, hannu ba ya son tahiya wohi. Kututturen ya ruɓe tuni, amma na gane wurin. Rami na nan, sabo, daidai leda guda. Ban tambayi wanda yag gina ba. Ban kuma duba akaihuna ba.

Ki ce ma mijinki shi zo bayan kaka, zan bi shi. Ba yanzu ba. Ƙarama ce, sai da ruwa, sai an kewaye ta da ƙaya.

Sa dashe guda. I, dashe. Rufe takardar.