Hoton Tukunyar da Inna ta Gani

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya karatu, ya sanyin Japan? Mu nan Wurno lafiya lau, Baba ya fara ɗebe albasa.

Yaya, hoton da ka turo ya sa ni cikin damuwa. Ina nufin wanda ka tsaya da tsohuwar da kake wanke wa kwanuka a gidan abincinta, gaban tukunyar da ka ce tun zamanin kakanta suke dafa wa masu shan giya naman alade a ciki. Ka ce in yi shiru, amma ka manta wayar tana wuni a hannun Inna.

Ba ta iya karanta rubutun, hoton kawai ta gani, ta yi ta murna. Har ta nuna wa Gwaggo Hajo da ta zo daga Achida, wai ka samu uwa a can. Jiya ta daka yaji da hannunta, ta ƙulla a leda don a aika wa tsohuwar. Sannan ta ce mini, "Ke da kinka yi boko, tambaye shi naman mi na ciki, rago ko akuya?"

Na yarda ba ka ci, Yaya. Amma ba zan iya yi wa Inna ƙarya ba, gaskiyar kuma ta ƙi fitowa daga bakina. Na ce zan tambaya. To, ga shi na tambaya.

Don Allah ka kira ta da kanka. Ka gaida abokan karatunka, ka sa ni a addu'a. Yajin yana rataye saman gadona, kullum da safe sai Inna ta duba shi.

Ƙanwarka,
Balkisu