Ranar da Kamilu Ya Tambayi Surukinsa a Kotu

Zawaciki, Kano.

Zuwa ga Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyalinka a Agadas, ya ƙara maka rufin asiri. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke taɓa ta lokaci-lokaci. Na zaɓi in rubuto ne don in na kira ka kuka zai hana ni magana, kai kuma ka san halinka, faɗa za ka hau ni da shi.

Maganar ƙanenmu Kamilu ce. Ka ji cewa matarsa Ladidi ta kai shi kotu tana neman a raba auren, wai yana azabtar da ita, har ya watsa mata ruwan zafi a hannu. Wallahi ƙarya ce, Yaya. Yaron da ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci! Tabon hannunta na sinadarin jima ne. Kullum ya dawo daga kamfanin fata a Challawa yakan ce kada ta taɓa kayan aikinsa sai da safar hannu, ita kuwa sai ta tsoma su a baho ta wanke haka nan.

Abin da ya karya mana zuciya shi ne shaidar da ta kawo. Mahaifinta ne, Malam Ado, wanda ya samar wa Kamilu aikin, kuma a sashe ɗaya suke aiki a kamfanin. Tsohon ya ce ya ga ƙunar da idonsa, kuma ta ruwan zafi ce. Da alƙali ya tambayi Kamilu ko yana da tambaya ga shaida, sai ya sunkuyar da kai. Shekara bakwai bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, ko sunansa bai taɓa faɗa ba. Alƙali ya maimaita har sau uku, ya gargaɗe shi cewa in ya yi shiru shaidar ta zauna a kansa. Ni ina baya ina ta addu'a, don na san in aka rubuta shi a matsayin mai ƙona mace, ba zai ƙara ɗaga kai a unguwa ba.

Daga ƙarshe Kamilu ya durƙusa kamar mai gaisuwa, ya nemi gafara, ya tambayi Malam shekara nawa ya yi a jima. Malam ya ce talatin da ɗaya. Sai ya roƙe shi ya naɗe hannun rigarsa ya nuna wa kotu. Tsohon ya daɗe a tsaye kafin ya naɗe. Tabon iri ɗaya ne da na 'yarsa, fari-fari, daga yatsu zuwa wuyan hannu. Alƙali ya tambaye shi ko shi ma ruwan zafi aka watsa masa. Sai hawaye suka fara bin gemunsa. Daga baya ya ce 'yarsa ce ta yi ta kuka tana cewa ta gaji da auren, shi kuma ya rasa yadda zai yi da ita.

An kori ƙarar, an wanke Kamilu. Amma bai yi murna ba. Washegari da kansa ya rubuta mata takardar saki, ya ce macen da ta kai ga sa ubanta yin ƙarya don ta rabu da shi, bai ga dalilin riƙe ta ba. Malam Ado kuwa tun ranar bai koma aiki ba. Kowace safiya Kamilu yakan biya ta ƙofar gidansa ya yi sallama, ya tsaya, ba mai fitowa. Jiya ya ce mini da ya san haka za ta kasance, da ya yi shiru an kira shi azzalumi. Don Allah ka kira shi, Yaya, maganarka yake ji.

Inna tana gaishe ka. Ka gaida Anti Saudat da su Abdulbaƙi.

Ƙanwarka,
Zulaihat