Sunan da Inna Ta Ƙi Faɗa

Bompai, Kano
Maris, 1965

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da Malam da yara. Yaya zafin Gusau? Mu nan ƙalau, Inna ma da sauƙi, sai ciwon gwiwar nan nata.

Yaya, Dogon Lauya zai dawo. Kina ɗakinki lokacin da aka yi abin, shi ya sa sunansa kawai kika sani. Mista Hadli ke nan, Ba'amurken da kamfanin fata ya kawo shekarun baya don ya daidaita maganar gonakinmu. Mutum ne mai fara'a. Ya zauna a tabarmarmu, ya ci tuwo da hannu, yana ta yi wa tafinta tambaya kan al'adunmu. Har ya nemi jin dalilin da Inna take cewa "yaron nan" in ana zancen marigayi Yaya Shu'aibu. Aka gaya masa uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, yana raye ko ya mutu. Ya jinjina kai, ya ce abin ya burge shi.

Ba mu yi jayayya a kan gonar ba. Roƙonmu ɗaya ne, a bar mana kusurwar ɗorawa inda aka binne Yaya Shu'aibu shekarar sanƙarau. Baba da Liman da suka sa shi a kabari duk sun rasu, ni kuwa ranar ina kwance ban san inda kaina yake ba. Saura Inna. A gaban Di'o, Baturen mulki, ɗaki cike da maza, Dogon Lauya ya miƙe ya ce ba ya son doguwar magana, tsohuwa ta faɗi sunan wanda yake kwance a wurin, shi ke nan. Inna ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya yana murmushi. Na buɗe baki, ya ce ba ni aka tambaya ba. Sannan ya juya ga Di'o ya ce kabarin da uwa ta kasa faɗin mai shi, tudun ƙasa ne kawai. Haka shingen kamfani ya haɗa da ɗorawar, ni kuma aka share min hawaye da aikin wankin fata.

Da ya koma ƙasarsu likkafa ta yi ta ci gaba. Manaja kan liƙa hotunansa na jarida a ƙofar ofis, akawu ya karanta mana. Ya zama lauyan gwamnati a jiharsu, ya nemi kujera ya faɗi, ya sake nema ya ci. Yau ɗan Majalisar Wakilan Amurka ne. Wai in ana maganar Afirka shi ake tambaya, tunda ya zauna da mu ya san mu. Ban musa ba, da sanin ya yanka mu.

An gayyato shi ya soka shebur na farko a sababbin ramukan jimar fata na kamfani, kuma a gindin ɗorawar aka kafa turaku. Ban gaya wa Inna ba tukuna.

Ki gai da Malam.
Ƙaninki, Gali

Bompai, Kano
Afrilu, 1965

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarki ta iso. Kin ce in ɓoye wa Inna. Ai Uwani mai sayar mana da shinkafa a bakin ƙofa ta riga ni, bakinta ba ya ajiya.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta kira ni ɗaki ta ce ranar da zai zo in kai ta wurin mutumin, abin da ya nema a gaban Di'o za ta ba shi. Tun daga nan ba ta cin abincin kirki. Ado, helumanmu, shugaban leburori, ya ja ni gefe ya ce in na jawo abin kunya a gaban baƙo, a bakin aikina. Na ce masa na ji.

Kada ki yi min dariya, Yaya, amma na sa rai. Akawu ya ce a majalisarsu mutumin yana tsaya wa baƙaƙen fata da talakawa, har barazana ake yi masa. Ƙila girma ya gyara shi. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa manaja ya sa a matsar da turakun nan.

Ki sa mu a addu'a.
Gali

Bompai, Kano
Mayu, 1965

Yaya Safara'u,

Ina gaishe ku, Allah ya sa kun fi mu kwanciyar rai.

Ya zo. Ya yi teɓa, gashi ya yi fari, murmushin dai yana nan. Aka yi jawabai a rumfa, aka miƙa masa shebur. Ina riƙe da hannun Inna a bayan taro, sai ta fizge. Da gwiwar nan ta ratsa manya da 'yan doka har gabansa. Ta faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Ta ce Shu'aibu ne, Shu'aibu ɗanta na fari, ga shi nan ƙarƙashin takalminsa. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Matan da ke bayan shinge suka rufe fuska.

Ya gane ta, na ga fuskarsa ta yi ja. Ya cire hula, ya ce wa tafinta ya yi mata ta'aziyya. Wai shi yanzu baƙo ne, muƙaminsa bai ba shi damar sa baki a al'amuran wata ƙasa ba, shari'a kuma ta daɗe da rufe maganar. Ya kama hannunta da hannu biyu, mai hoto ya ɗauka. Daga nan ya ɗan gusa gefe kafin ya soka shebur. Wannan ita ce alfarmar da ya yi mana.

An sare ɗorawar, an zuba siminti. Hoton yana ƙofar ofis, akawu ya ce an rubuta ɗan majalisa ya gana da tsohuwar aminiyarsa. Ba a kore ni ba, manaja ya ce baƙo ya roƙa a yi min afuwa. Da korar aka yi da ta fi min, don a ramukan nan aka ce zan koma aiki.

Ki zo, Yaya, ko na mako guda ne. Tun daga ranar nan, sunan bai bar bakin Inna ba. In ta kwashe tuwo sai ta kira shi, in an yi sallama sai ta tambaya ko shi ne. In kin shigo kin ji tana kiran Shu'aibu, kada ki ce ta yi shiru. Ni nake amsawa.

Allah ya sada mu da alheri.
Ƙaninki, Gali