'Yata Ta Sauya Mini Matashin Babanta a Ɓoye

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a wuya, kuma duk wanda na faɗa wa sai ya dube ni kamar na fara ruɗewa. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Mijina ya rasu wata bakwai ke nan, Allah ya jiƙansa. Tela ne, shekara talatin da ɗaya muna tare. Yana da wani matashin kai da ya ɗinka da hannunsa tun ina goyon autarmu, yau shekara goma sha tara. Ba auduga ya zuba a ciki ba, ba soso ba. Guntayen yadin da ke zubewa ƙarƙashin kekensa yake tattarawa, ya yayyanka, ya cusa. In ya lotsa sai ya farke gefe ya ƙara. Nauyi kamar buhun siminti, har yara suna tsokanarsa wai da shi za a danne kwanon rufi in iska ta taso. A tsakiyarsa akwai wani kwarmi daidai kansa. Tun da ya tafi, nan nake sa kaina.

Ba zan ɓoye miki ba, ina tashi da atishawa da toshewar hanci, wani lokaci wuyana ya ƙage. Amma wace mace mai shekaruna ce ke tashi garau?

'Yata ta fari aikin jinya take yi, kuma tun da ta sa farin kaya ba wanda ya isa ya yi tari a gabanta. Ranar da na je awon hawan jini ta shigo da makullinta. Na dawo na tarar da ɗaki fes, har na sa mata albarka. Da rana na kishingiɗa, sai na ji kaina ya nutse kamar a cikin kumfa. Anti, ashe zare na babanta ta yi, ta cusa sabon filo na kanti cikin tsohuwar rigar matashin mai ratsin shuɗi, har ta danna tsakiyar da hannu wai ya yi kwarmi! Wannan dannawar ita ta fi ƙona mini rai. Ni za a yi wa wayo kamar yaron da ake ɓoye wa magani a cikin shayi? Ni da na san nauyin kan mutumin nan a hannuna ranar da ya cika?

Na kira ta, ko musu ba ta yi ba. Wai filo ba ya wuce shekara biyu, wai ta juya shi ta ga ƙasan duk baƙin fumfuna, wai sau uku tana yi mini magana ina kawar da kai. Yana ɗakin ajiyarta a ƙulle cikin leda, kuma ba za ta dawo da shi ba sai na yi alkawarin ba zan ƙara kwana a kansa ba. Ji fa! Kayan mijina, a gidana, ni ake gindaya wa sharaɗi. Na ce kada ta sake taka mini ƙofa sai da shi a hannu.

Yau kwana ashirin da uku. Da, duk Asabar take kawo mini jikokina su cika gidan da ihu, yanzu sai ƙarar agogo. Abin haushi kuma, atishawar ta ragu, ban gaya wa kowa ba sai ke.

Da gaske matashi yana da wa'adi, ko dai iyayin 'yan asibiti ne? Kuma ni zan fara neman ta, bayan ni aka yi wa laifi?

Matar Tela

*

Mama, Allah ya jiƙan maigida, ya ba ki dangana. Ba ki ruɗe ba. An taɓa miki abu mai daraja ba da izininki ba, kuma aka so a rufe miki ido. Wannan kuskure ne, ya kamata 'yarki ta ba ki haƙuri a kansa ba tare da wani “amma” ba.

Sai dai a kan matashin, gaskiyarta ce. Yawancin filon da ake sayarwa, shekara ɗaya zuwa biyu ake ba shi. Masu kyau kan ɗan haura haka. Kullum yana shan gumi da man kai da ƙura, wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani kuma su samu wurin zama. Alamun tsufansa a bayyane suke: ya yi gudaji, ya yi tabon da wanki ba ya fitarwa, yana wari, ko a ninke shi biyu ya ƙi miƙewa, ko mutum ya riƙa tashi da ciwon wuya da atishawa. Wanda ya shekara goma sha tara har ya yi fumfuna, bai kamata hanci ya kusance shi ba. Jikinki ma ya ba da shaida.

Amma barin kwana a kansa daban, rabuwa da shi daban. Ku farke shi a waje, da ƙyalle a hanci. Abin da ya ruɓe a zubar, guntayen da suka tsira a wanke da ruwan zafi, a shanya su bushe ƙayau. A harhaɗa su a yi ɗan mayafi ko shimfiɗar kujera. Wanki zai tafi da ƙamshinsa, ba zan yi miki ƙarya ba, amma yadin da almakashinsa ya yanka zai zauna. Sabon filon kuma, in ya yi miki laushi, ki je da kanki ki zaɓi mai tauri.

Ki tuna ita ma uba ta rasa, kuma tana jin atishawarki da kunnen wadda ta riga ta binne mahaifi. Tsoro ne ya sa ta yi abin da ta yi. Da raini ne, da tuni matashin yana bola.

Ki kira ta yau. Ba sai kin ce kin yafe ba tukuna. Ki gaya mata ɓoyewar ce ta yi miki ciwo, ki gaya mata kuma atishawar ta ragu, ta cancanci ta ji wannan daga bakinki. Sannan ki ce ta zo da ledar, ku buɗe tare. Wataƙila a ciki ta tsinci guntun rigar da ya taɓa ɗinka mata.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya daidaita tsakaninku.